Tafiyata Kalaba Neman Fentin Ƙasan Jirgi

Tun da na dawo daga Kalaba bakina bai huta ba. A kasuwa mace za ta zo sayen kifi, sai ta tsaya da kwano a hannu ta ce, "Adda Mairo, wai da gaske kin ga teku?" Na je gidan suna a unguwar Turaki, aka bar zancen jariri aka dawo kaina. Wata ma cewa ta yi ta ji an ce har Kamaru na shiga babu takarda. To, tun kafin a kai ni Makka a ƙafa, bari in zauna in zuba labarin gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ni dai mai banda ce, kowa ya sani. Ƙanena Bobbo shi ke kawo mini kifi. Yana zaune a Lau, yana bin masunta a bakin Binuwai da jirgi, ya tattaro tarwaɗa da giwan ruwa, ya ɗoro mini a mota zuwa Jalingo. Jirgin nan ba na katako ba ne. Na alminiyam ne, mun same shi a gwanjon wani kamfani da ya gama aikinsa a kogin ya tattara ya tafi. Da farko gudu yake kamar ana korarsa. Ana nan sai ya fara nauyi. Gansakuka ta kama ƙasansa, kore shar, ga wasu 'yan ƙananan katantanwa da suka mai da shi gidan ubansu. Inji ya yi ta kuka yana shan mai, jirgi kuwa yana jan ciki kamar kunkuru. Masu kwale-kwalen katako suka riƙa riga Bobbo isa wurin masunta, shi kuma ya samu ragowa.

Maganin da ya sani shi ne ya shiga ruwa har wuya ya kankare. Ya kankare yau, kafin ka ce me ta dawo. Tafin hannunsa duk ya tsattsage. Wata rana ya zo gida, ya ci abinci, da ya wanke hannu sai ya ce, "Adda, ni fa na gaji. In ruwa ya cika bana ban ga sauyi ba, ki sai da jirgin nan. Abokina ya ce in zo Legas mu yi acaɓa."

Mu biyu muka rage wa mahaifiyarmu, Dada, kuma ganinsa kowane mako shi ne abincinta. Na san in ya tafi Legas sai dai murya a waya.

Maƙwabciyata a kasuwa, Rifkatu mai doya, ita na gaya wa. 'Yarta Saratu tana aure a Kalaba, mijin kuma, Etim, direban jirgin ruwa ne. Rifkatu ta buga masa waya nan take. Ya ce ai akwai fenti na musamman da ake shafa wa ƙasan jirgi, wanda ke hana komai mannewa, amma iri-iri ne, ba a saye da ka. Rifkatu ta ajiye waya ta ce da irin Hausarta, "Saratu ya haihu, ni zan tafi ganin jika. Ki zo mu tafi mana. Ke ki ga fenti, ni in ga yaro."

Haka tafiya ta tashi. Bobbo ya ɗauki hotunan jirgin ta kowane gefe ya tura mini a waya. Sannan ya kankaro gansakukar da katantanwar ya cika wata robar man shanu, ya rufe, ya ce, "Adda, ki nuna musu wannan, don kada su ce ba su gane ciwon ba." Na sa ta a jaka kusa da bandar da na ɗaure wa surukan Rifkatu tsaraba.

Mun tashi da sassafe. Har Mutum Biyu lafiya lau, ana hira, ana sayen gyaɗa ta taga. Muna dosar Wukari rana ta ɗaga, sai wani wari ya fara zagaya motar. Wani dattijo a gabanmu ya juyo ya dubi yaron da ke cinyar uwarsa. Uwar ta ce wallahi ba ɗanta ba ne. Direba ya ce ko wani ya ɗauko daddawa da ta lalace? Ni kuwa na kau da kai ina kallon gonakin doya kamar ban taɓa ganin doya ba. Rifkatu ta sunkuyo ta shinshina jakata, ta ɗago, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da muka tsaya cin abinci na nemi leda na naɗe robar, na ƙara wata, na ƙara wata, na tura ta can ƙarƙashin kujera.

A Zaki Biam Rifkatu ta kusa ƙin komawa mota. Doya ce tuli-tuli, iyakar ganinka, kowace kamar cinyar ƙato. Ta riƙa zagayawa tana ɗagawa tana ajiyewa, tana cewa, "Kai! Mu wasa muke yi a Jalingo." Sai da direba ya yi ta hon.

Daga Katsina Ala ƙasa ta fara sauya kama, itatuwa suka yi tsawo, Hausa ta fara ƙaranci a bakin mutane. Mun kwana a Ogoja a wani ƙaramin masauki kusa da tasha. Gado ɗaya ne, fanka kuma tana juyi tana ƙara kamar za ta sauko ta gaishe mu. Na tambayi mai masaukin ina ne gabas don in yi salla, ba ta ji ba, na kwatanta mata da hannu, sai ta gane, ta nuna mini, har ta kawo mini sabon tawul in shimfiɗa.

Zancen Kamaru kuwa ga asalinsa. Motar da muka shiga washegari akwai wata mata mai buhunan kaya da za ta sauka a bakin iyaka. Da muka isa Ikom direba ya ce ba nisa, bari ya ajiye ta mu dawo hanya. Kafin mu ankara sai ga mu a gaban shinge, ga jami'ai, ga wata doguwar gada a gaba. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i dogo ya buɗe jakata, ya ga banda, ya gyaɗa kai. Sai ya ciro ƙunshin ledar nan. Ya kwance ta farko, ya kwance ta biyu. Ina cewa, "Ranka ya daɗe, da ka bari," amma ina, ya riga ya ɗaga murfi.

Sai da ya ja da baya taku biyu. Ya ce da Turanci mene ne wannan?

Rifkatu ta ce, "Oga, marar lafiya ne. Asibiti muna kai shi."

Da ya ji Hausa sai ya dube mu da kyau, ya ce, "Ku daga ina?" Muka ce Jalingo. Fuskarsa ta washe. Ya ce shi ɗan Mutum Biyu ne, rabonsa da gida an daɗe. Ya juyo gare ni ya gaishe ni da Fulatanci, ya ce, "Jam na, Adda?" Na ce, "Jam ni." Nan fa aka manta da wari. Ya tambayi ruwan sama a gida, ya tambayi ko an gyara hanya, na ba shi labarin jirgi da Bobbo, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sayo mana gasasshiyar ayaba da gyaɗa, ya raka mu har bakin gadar ya nuna mana tsallake, ya ce, "Can ne Kamaru." Na duba. Itatuwa ne irin na wannan gefen. Na zare masa tarwaɗa biyu daga tsarabar mutane, ya karɓa da hannu biyu yana godiya, yana cewa useko, useko. Iyakar shigata Kamaru ke nan.

Mun shiga Kalaba ana yayyafi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsabtar titi, da yadda ruwan sama bai hana kowa harkarsa ba. Mu a gida hadari ya haɗo sai a fara kwashe kaya, su kuwa lema kawai suke buɗewa su ci gaba da ciniki. Saratu ta fito da gudu ta rungume uwarta, aka miƙo jariri, Rifkatu ta fara rawar Mumuye a tsakar gida da jakarta a kafaɗa. Uwar Etim, wata gajeruwar tsohuwa mai fara'a, ta kama hannuna ta kai ni ɗakin da aka gyara mini. Saratu ta raɗa mini cewa tun da aka ce Musulma za ta zo, tsohuwar ta sayi sabuwar tukunya, ta kuma aika har unguwar Hausawa aka sayo naman rago yankan Musulmi. Abin ya taɓa zuciyata. Na tambayi yadda ake godiya da yarensu, aka ce sosongo. Na faɗa, gida ya ɗauki shewa.

Miyarsu ta ganye ce, afang suke ce mata, kauri kamar a yanka da wuƙa, an zuba mata manja da kifi da wasu 'yan ƙananan dodon koɗi da ɓawonsu. Na ɗauki ɗaya na rasa ta inda zan ɓullo masa. Na gwada da haƙori. Tsohuwar ta girgiza kai, ta ɗauki nata ta kai baki ta zuƙa, tsut, ta nuna mini ɓawon fanko. Na zuƙi nawa da ƙarfi, sai miya ta bi ta hancina. Na yi ta tari ana bubbuga mini baya. Amma kafin in bar garin nan, ni ce har da neman ƙari. Su kuma da aka dafa bandata, tsohuwar ta ce kifin kogi ya fi nasu zaƙi, nasu gishiri ya riga ya shige shi tun yana da rai.

Da safe Etim ya kai mu bakin ruwa, Saratu ta biyo mu don ta yi mini tafinta. Ina isa na ga jirage kwance a cikin laka, ruwa ya ja baya can nesa. Na dafe ƙirji na ce, "Innalillahi! Ruwan naku ƙafewa ya yi?" Etim ya yi dariya har ya zauna a kan wani dutse. Ya ce in jira zuwa azahar. Ai kuwa ina nan sai ga ruwa yana dawowa a hankali, yana ɗaga jiragen ɗaya bayan ɗaya. Wai haka yake yi kullum, ya tafi ya dawo. Mu Binuwai sau ɗaya take cika a shekara, a yi ta zancenta har wata shekarar, su kuwa nasu ko kallo bai ishe su ba.

Shagon fenti yana nan kusa. Mai shagon mutum ne mai baki, ga kirki. Da Saratu ta ce masa fentin ƙasan jirgi muke nema, sai ya sauko da wani gwangwani mai nauyi, ya buɗe. Ja wur, kamar jar kanwa. Ya ce wannan shi ne sarki, shi manyan jiragen teku ke shafawa, cike yake da garin jan ƙarfe, babu abin da zai kusanci jirgin. Na ɗaga na ji nauyi, na ce lallai wannan ba wasa. Bobbo kuma dama ja yake so. Na riga na ce a ɗaure mini, sai Etim ya ce, "Mama, fenti ba zai gudu ba. Mu fara zuwa wurin gwaggona, ita ce ke gyaran jirage. Ki nuna mata abin da kika kawo."

Da jirginsa muka tafi. Aka ɗaura mini rigar iyo mai ruwan lemo a kan mayafi, na zama kamar buhun gero. Muka bi ta cikin wasu itatuwa masu saiwa a waje, kamar sun tattare zane za su tsallaka ruwa. Da muka fita fili, ruwa ya buɗe har ban ga ƙarshensa ba, Etim ya ce in ɗanɗana. Na tsoma yatsa na lasa. Gishiri! Na ce, "Wannan ai miya ce ta rasa kuka."

Gwaggon tasa Mama Arit ake kiranta. Mace ce sa'ata, ƙaƙƙarfa, da takalmin roba har gwiwa, tana tsaye tana ba maza umarni a wani fili da aka jera jirage a kan gungume. Ina ganinta na san irina ce, macen da kasuwa ta gasa. Muka gaisa da hannu da murmushi. Na kwance ledojin nan na miƙa mata robar, ma'aikatanta suka watse. Ita ko gezau. Ta shinshina, ta sa tsinke ta juya, ta yi magana. Saratu ta ce, "Wai wannan ciwon ruwan daɗi ne. Ba irin nasu ba ne."

Mama Arit ta ja ni zuwa wani jirgi da aka fito da shi daga teku. Ƙasansa duk wasu abubuwa ne farare masu tauri kamar haƙora, sun manne, wani kan wani. Ta ba ni ƙarfe ta ce in ɓanɓare ɗaya. Na yi iya ƙarfina, ko motsi. Ta ce waɗannan su ne masifar ruwan gishiri, dominsu ake cika wa jan fentin nan dafi. A kogi babu su. Abin da ke damun jirginmu gansakuka ce da santsi da 'yan katantanwa, ba sa bukatar wannan ƙarfin. In ka kai shi kogi, ka ɗauko gatari ne don kashe sauro, kuma dafin da ya yi yawa a ruwan da masunta ke kamun kifi zai ƙare. Da Saratu ta fassara wannan sai na tuna kifin nan shi nake sayarwa, shi nake ci.

Sannan Mama Arit ta ce in nuna mata jirgin. Na buɗe hotuna. Ta kalla, ta ƙara matso da wayar, ta ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ta tambaya, katako ne ko roba? Na ce alminiyam ne. Sai ta kama kai da hannu biyu ta yi wata ƙara. Ta ja ni har bayan fili, inda wani ƙaramin jirgi ke kife cikin ciyawa. Ta ɗora yatsana a jikinsa. Duk ya yi ƙananan ramuka, wasu har haske na ratsawa. Ta ce mai shi jan fentin ya shafa. Jan ƙarfe da alminiyam ba sa zama wuri ɗaya a cikin ruwa, ɗaya sai ya ci ɗaya, kuma alminiyam ne ke shan kashi.

Na ce wa Saratu, "Gaya mata na gane. Kamar a bar kanwa ta kwana a tukunyar dalma ne." Da aka fassara mata, Mama Arit ta tafa, ta dafa kafaɗata. Da na ɗaure gwangwanin nan na kai Lau, da hannuna zan huda jirgin, in kuma sa Bobbo a motar Legas.

Muka zauna a inuwa, aka kawo mana kwakwa aka fasa. Ta ce to, wanda babu jan ƙarfe za mu nema, na ruwan daɗi, amma shi ma kashi biyu ne, kuma zaɓin nawa ne, don ita ba ta san koginmu ba. Akwai mai laushi, wanda ke zaizayewa a hankali kamar sabulu, kullum sabon jiki na fitowa, kuma ko an fito da jirgi ya daɗe a tudu ba ya lalacewa. Akwai mai tauri, wanda ke bushewa sumul kamar tangaran, yana jure gurza, ana iya goge shi da tsumma, amma ba ya son jirgi ya daɗe a waje.

Na kira Bobbo na sa shi a sifika. Tun kafin in gama bayani ya ce, "Adda, mai laushin nan. Wanda ke wanke kansa. Ni na gaji da guga."

Na ce, "Tsaya tukuna. Da rani in ruwa ya ja, sau nawa kake hawa kan yashi?"

Ya ce, "Kullum."

"In za ka sauke kifi, ina kake tura hancin jirgin?"

"Kan yashi."

"To sabulun da ake gurzawa a yashi kullum, kwana nawa zai yi? Kuma jirgin nan ka taɓa fito da shi ya yi wata a tudu?"

Ya ce bai taɓa ba, ko da rani akwai inda yake bi. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To mai taurin. Amma ja."

Saratu tana fassara wa Mama Arit duk abin da muke faɗa. Da aka zo kan ja sai ta fashe da dariya, ta karɓi wayar ta yi masa magana da yarensu, doguwa, shi kuma yana ta cewa, "Yes ma, yes ma," alhali ko kalma ɗaya bai ji ba. Saratu ta ce wai ta gaya masa kifi ba ya duba launi.

Mama Arit ta ƙara mini da cewa kada a kuskura a shafa shi a kan ƙarfe tsirara. Sai an kankare, an wanke, ya bushe, an fara shafa wani fentin shimfiɗa da suke kira faraima, sannan a bi da shi. Mai shafawa ya rufe hanci da hannu, kuma a shimfiɗa tamfol don kada ƙurar ta koma kogi. Ta sa na maimaita mata har sai da ta tabbata ya zauna.

Muka koma wurin mai shago. Na ɗauka zai ɓata rai, sai ya dafe kai ya ce ai ban gaya masa alminiyam ba ne, shi kuma bai tambaya ba, don a nan kowa teku yake shiga. Ya ce irin wanda muke so ba ya ajiyewa da yawa, sai masu jiragen can saman kogi ke nema, amma zai sa a kawo daga Fatakwal. Haka na samu 'yan kwanakin da ban shirya ba. Na yi wa jariri wanka irin namu, da ruwan zafi da ganyen darbejiya, tsohuwa tana kallo tana salati irin nasu. Na shiga kasuwar kifinsu na ga yadda suke banda a kan waya, na nuna musu yadda muke lanƙwasa tarwaɗa mu soke wutsiya a baki. Ranar Juma'a Etim da kansa ya kai ni unguwar Hausawa, na sha fura, na ji kamar na leƙa gida.

Da fentin ya iso, shuɗi ne. Na ce Bobbo sai haƙuri.

Ranar komawa Mama Arit ta zo har tasha da ƙunshin busasshen jatan lande. Ba mu da yaren da za mu yi sallama, sai muka riƙe hannun juna muna ta gyaɗa kai. Rifkatu ta zauna wurin jikanta, ni kaɗai na dawo, gwangwanaye a tsakanin ƙafafuna, kowane rami muka faɗa sai na dafe su kamar ƙwai.

A Lau muka tara samari aka jawo jirgin kan tudu aka kife shi a kan tamfol. Bobbo ya ɗaure hanci da ƙyalle ya kankare shi tas, har ƙarfen ya fito fari. Masu kwale-kwale suka kewaye mu suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Wani ya ce kwalta ta fi, wani ya ce ai kuɗin mota kawai na ɓata. Na zauna a kan kujera da lema ina faɗin abin da za a yi daki-daki. Da aka shafa faraima Bobbo ya so ya bi da shuɗin nan take, na ce a'a, sai ya bushe. Ya ce, "Adda, kin je Kalaba kin dawo injiniya." Na ce, "Shafa dai."

Ba ranar da aka mayar da shi ruwa aka gane ba, don kowane jirgi da aka kankare yana gudu. Sai da ruwa ya cika, makonni suka shuɗe, lokacin da a da gansakuka ta riga ta yi gemu. Rannan Bobbo ya aiko in zo Lau, in taho da Dada. Muka same shi a bakin ruwa. Ya kama hannuna ya tura ƙarƙashin jirgin. Sumul. Ɗan santsi ne kawai, ya sa tsumma ya share, shuɗin ya fito.

Ya ce mu shiga. Dada ta ce ita Bafulatana ce, ruwa na shanu ne su sha, amma ya lallashe ta har ta zauna a tsakiya ta riƙe gefe da hannu biyu. Ya ja inji. Jirgi ya ɗaga hanci ya miƙe, muka wuce wani kwale-kwale, muka wuce na biyu, mutanen ciki suna ɗaga mana hannu. Bobbo yana ihu saboda ƙarar inji, yana gaya wa Dada cewa ya yi magana da masuntan can ƙasa, daga rani mai zuwa har wurinsu zai riƙa kaiwa, kuma yana so a nema masa ɗaki mai kyau a Lau, don zaman ya zama na gaske. Dada ta saki gefen jirgin da hannu ɗaya ta shafa kansa.

Ana cikin haka iska ta fizge ɗankwalina, ya tashi sama ya faɗa ruwa can bayanmu. Sabo ne, a Kalaba na saya. Bobbo ya rage wuta ya ce, "Adda, bari in juya."

Na jawo mayafi na rufe kai, na ce, "Bar wa Binuwai, ita ma ta samu tsaraba. Ƙara wuta!"